Takardun Gwamna Palmer Da Ke Ajiye A Jos

Yawancin masu ziyartar gidan adana kayan tarihi na Jos, abin da ke kai su shi ne ganin kawunan yumɓu na Nok, da tukwanen gargajiya, da ganuwar Kano da masallacin Zariya waɗanda aka kwaikwayi gininsu a cikin filin gidan. Yara kuwa hankalinsu yana can gidan namun daji da ke maƙwabtaka. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa wannan gida, wanda Baturen nan Bernard Fagg ya yi ɗawainiyar kafawa aka buɗe shi cikin shekarar 1952, yana riƙe da littattafan Larabci rubutun hannu fiye da dubu, waɗanda aka tattaro daga garuruwan Arewa. Cikin 1965 aka buga littafin da ya jera sunayensu a birnin London, aikin waɗansu masana biyu, Aida Arif da Ahmad Abu Hakima. Ban da waɗannan kuma akwai wani tarin takardu dabam da masu binciken tarihi suka daɗe suna ambata a cikin littattafansu da sunan takardun Palmer. Waɗannan su ne abin da ya saura a ƙasar nan na tarin rubuce-rubucen mutumin da ya riƙe Arewa daga 1925 zuwa 1930.

An haifi Herbert Richmond Palmer a Ingila cikin 1877. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya koyi aikin lauya, sa'an nan ya zo Nijeriya ta Arewa cikin 1904 a matsayin Mataimakin Razdan, watau shekara guda bayan da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato. Katsina aka tura shi. Bai cika shekara 30 da haihuwa ba sa'ad da aka tuɓe Sarkin Katsina Yero cikin 1906, bayan tashin Satiru, aka ɗauko Durɓi Muhammadu Dikko aka ɗora a gadon sarauta, kuma sanin kowa ne cewa da hannun Palmer aka yi wannan. A cikin shekarar ce kuma Turawa suka mai da Malam Musa, na gidan sarautar Hausa ta dā, kan gadon Daura. Daga baya ya yi aikin tsara haraji, har ana danganta masa fara Baitulmali a Katsina. Cikin 1917 ya zama Razdan na Lardin Barno, cikin 1925 ya zama Laftanan Gwamna mai kula da Lardunan Arewa. Ya bar ƙasar nan cikin 1930 ya tafi Gambiya ya yi Gwamna, daga can aka kai shi tsibirin Kubrus daga 1933 zuwa 1939. Ya mutu cikin 1958.

Turawan mulki da yawa sun yi irin wannan hawa, an kuma manta da su. Abin da ya sa sunan Palmer bai ɓace ba shi ne, duk inda ya sauka sai ya tambaya ko akwai tsohon littafi. Ya koyi Larabci da Hausa, ya jawo malamai a jika, yana sa a kwafo masa jerin sunayen sarakuna, da labarun asalin garuruwa, da wasiƙu, da takardun gado. Abin da ya samu sai ya fassara da Turanci ya aika a buga. Cikin 1908, yana nan a Katsina, ya fitar da fassarar Tarihin Kano, littafin nan da ya kawo labarin sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello. Daga baya ya fassara Tanbihul Ikhwan na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Cikin 1926 aka buga masa a Ikko fassarar littafin Liman Ahmad ibn Furtu a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma na Barno. Cikin 1928 ya fitar da Sudanese Memoirs juzu'i uku, cikin 1936 kuma ya fitar da wani babban littafi a kan Barno da Sahara da ƙasashen Sudan.

Mutum mai mulki da tara littattafai ba baƙon abu ba ne a ƙasarsu. Shekara 300 kafin Palmer an yi wani ɗan majalisa a Ingila mai suna Robert Cotton, wanda aka haifa cikin 1571. A zamanin kakanninsa Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen ibadar ruhubanawa, littattafan da ke ciki suka watse a hannun jama'a. Cotton ya yi ta bi yana saye yana tarawa a gidansa da ke dab da zauren majalisa. Sa'ad da rigima ta taso tsakanin majalisa da Sarki Charles na Ɗaya a kan iyakar ikon sarki, sai 'yan majalisa suka riƙa shiga ɗakin Cotton suna tono tsofaffin takardu don su kafa hujja da su. Sarki ya gane inda gizo ke saƙar, cikin 1629 ya sa aka garƙame ɗakin. Cotton ya mutu cikin 1631 ba a mayar masa da mabuɗi ba. Sarki Charles bai rufe ɗakin nan don yana ƙin karatu ba. Ya rufe shi ne don ya san tsohuwar takarda makami ce a hannun mai neman hujja.

To, Palmer ma ya san haka sarai, sai dai bambancin shi ne, shi mai tara littattafan shi ne kuma mai mulkin, babu wanda zai rufe masa ɗaki. Mulkin da Turawa suka kafa a Arewa ya dogara ne a kan sarakuna, saboda haka tambayar da kullum ke gaban Razdan ita ce, wane gida ne ya cancanci sarauta, wane gari ne ke bin wane, iyakar ƙasar wane ta tsaya ina. Amsar waɗannan tana cikin jerin sarakuna da labarun asali. Wanda ya tara su, ya kuma zama shi ne mai fassara su ga Gwamnati, to ya riƙe wuƙa da nama.

A duba sha'anin takardun nan na Barno da ake kira maharam. Takardu ne da Mai yakan rubuta wa wani malami, ya haramta dukiyarsa da ta zuriyarsa ga masu karɓar haraji, ya ɗauke musu fita yaƙi da sauran hidimomin fada. Iyalan da suka gaje su sun riƙe su shekaru ɗaruruwa kamar yadda ake riƙe takardar gona. Palmer ya tara da yawa daga cikinsu, ya fassara ya buga, kuma ta hanyarsa ne duniya ta fara sanin su. Amma mai karatu ya tuna cewa mutumin da ake miƙa wa takardar ɗauke haraji don ya kwafa, shi ne Razdan mai yanka haraji. Wanda ya kawo ta yana da abin da yake fata, wanda ya ɓoye tasa kuma yana da abin da yake tsoro. Haka nan dagacin da aka tambaya asalin gidansu, ya san amsar da zai bayar tana iya ɗaga shi ko ta sa shi ƙarƙashin maƙwabcinsa. Saboda haka duk takardar da ke cikin tarin nan tana da labari biyu, akwai wanda aka rubuta a jikinta, akwai kuma na yadda aka yi ta iso teburin Razdan.

Ba za a ƙi yaba masa ba a inda ya cancanta. Littattafai da dama da ya sa aka kwafa, da ba don haka ba da gara ta cinye su, ko gobara ta lashe su, ko magada sun raba su warƙa warƙa. Lissafin da ya yi wa sarakunan Kano ma ba duka ba ne ya kauce. Tarihin Kano bai faɗi shekarar da kowane sarki ya hau ba, iyaka ya ce wane ya yi shekara kaza a kan gado. Palmer ne ya ɗauki waɗannan shekaru ya yi ta lissafi da baya da baya, har ya ba Muhammadu Rumfa 1463 zuwa 1499. Wannan ya yi daidai da zuwan Shehu Magili Kano wajen 1492, abin da aka sani ta waɗansu hanyoyi dabam. Amma da wannan lissafin ne kuma ya kai Bagauda shekarar 999, kuma ita ce shekarar da 'yan makaranta suka yi ta haddacewa kamar an same ta a sassaƙe jikin Dala. Alhali kuwa lissafin Bature ne guda ɗaya, wanda ya gina a kan ƙidayar da aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 19, kusan shekara 900 bayan zamanin da ake magana. Idan an yi kuskuren shekara biyar a kan sarki goma, to ginin duka ya gusa.

Irin wannan gusawa ta bayyana a Barno. Palmer ya sa shekaru goma sha biyun farko na mulkin Mai Idris Aloma daga 1571 zuwa 1583, har ya rubuta haka a bangon littafinsa. Cikin 1987 wani masani Bajamushe, Dierk Lange, ya sake buga littafin Ibn Furtu da Larabcinsa da sabuwar fassara, ya mai da shekarun 1564 zuwa 1576. Haka kuma Raudatul Afkar, wanda Palmer ya fassara cikin 1916 ya jingina wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga baya masana suka tabbatar na Abdulƙadir ɗan Tafa ne, jikan Shehu ta wajen uwa. Waɗannan kurakurai ne irin na mai fara sharar hanya, ana gyara su a wuce.

Wanda ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne ra'ayin da ya shigo da shi cikin karatun. Palmer, kamar Turawan zamaninsa da yawa, ya yi imani cewa baƙar fata ba su ƙago sarauta da tsarin mulki da kansu ba, sai dai waɗansu mutane masu hasken fata sun zo daga gabas ko arewa sun kawo musu. Da wannan tabarau ya karanta duk abin da aka kawo masa. In ya ga sunan gari ko na sarauta, sai ya nemo wata kalma mai kama da shi a harshen Buzaye, ko a tsohon tarihin Masar da Nuba, ya ce ga asalin. Shafi bayan shafi na littattafansa na baya cike suke da irin wannan haɗe-haɗe, har mai karatu ya rasa inda maganar malamin Barno ta ƙare, da inda hasashen Razdan ya fara. Labarin Bayajida da ya buga, shi da waɗanda suka bi sawunsa sun ɗauke shi shaidar cewa baƙi ne suka zo suka kafa ƙasashen Hausa. Sai cikin 1970 Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya fito ya nuna cewa sarauta a ƙasar Hausa ta tsiro ne a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ta dalilin noma da ƙira da kasuwa da tsaro. Dokta Yusufu Bala Usman ya ƙara rushe wancan ra'ayi a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga cikin 1981. Watau an shekara fiye da 40 kafin a fara kwance ƙullin da aka yi a ofishin Razdan.

Da ra'ayin ya tsaya a cikin littafi da da sauƙi. Amma mai ra'ayin Gwamna ne. Cikin 1926, yana kan kujerar Kaduna, aka sake yanka lardunan Arewa. A wannan gyara ne aka ƙirƙiro Lardin Filato, Jos ta zama hedkwatarsa, aka kuma kafa Lardin Binuwai. Palmer ya ƙwallafa rai a kan tsohuwar daular Kwararrafa, wadda Tarihin Kano ya ambaci yaƙe-yaƙenta, yana ganin Jukunawan Wukari su ne magadanta, kuma irin mutanen nan ne da suka kawo sarauta daga gabas. Shi ya ƙarfafa wa jami'in binciken al'adu C. K. Meek guiwa ya yi nazarin Jukunawa, da littafin ya fito cikin 1931 kuma shi ya rubuta masa gabatarwa. A bisa wannan fahimta aka sa waɗansu yankunan Tibi ƙarƙashin Wukari, mutanen da ba su saba da sarki guda mai iko a kan kowa ba. Ba za a ɗora wa mutum ɗaya alhakin duk rigingimun da suka biyo baya a wannan yanki ba, gama akwai batun ƙasar noma da siyasar jam'iyyu da sauransu. Amma dai an ja layi a taswira saboda abin da wani ya karanta a tsohon littafi ya kuma fassara yadda ya ga dama, mutane kuwa suka zauna cikin layin.

Karatun nasa ya kuma haifar masa da tsoro. Tun daga Satiru bai daina hangen tashin Mahadiyya ba, tafiyar da ya yi ta ƙasa daga Barno zuwa Sudan a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko kuma ta ƙara masa wannan zato. Yana Razdan na Barno cikin 1923 aka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, jinin Sarkin Musulmi Bello, a Dumbulwa ta ƙasar Fika, inda jama'a suka taru gare shi. Aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru ya shekara fiye da 20, sa'an nan aka dawo da shi Kano, ba a sake shi ba sai 1959. Mutumin da ya fi sauran Turawa sanin littattafan malaman ƙasar nan, shi ne kuma ya fi su saurin zargin malami in ya tara almajirai. Mutanen Kubrus ma sun ɗanɗana hannunsa. Ya same su bayan boren 1931, an rushe majalisarsu, ya riƙe su da tsanani har suka laƙaba wa wannan zamani suna da harshensu, ma'anarsa mulkin Palmer, kuma ba da yabo suke faɗinsa ba.

To me ya sa za a damu da takardun irin wannan mutum? Dalili shi ne, abin da aka buga da Turanci fassara ce, fassarar kuwa ta bi ta cikin kansa. Abin da ke Jos ya fi kusa da tushe. Masu binciken tarihin Barno irin su marigayi John Lavers na Jami'ar Bayero sun koma can sun yi aiki da takardun, suna ambatar su a rubuce-rubucensu, domin a nan ne ake iya ganin abin da aka rubuto wa Razdan kafin ya sa masa hannu. Wanda ya iya Larabci, ya kuma san Barbarci ko Hausa, zai iya ɗora takardar malam kusa da shafin Palmer ya ga inda aka karanta suna ba daidai ba, da inda aka tsallake layi, da inda aka cusa abin da ba ya ciki. Kuma wannan aiki ne da ɗan ƙasa ya fi kowa iyawa, don sunan garin da ya gagari Bature a rubutun ajami, wataƙila garin kakarsa ne.

Akwai kuma hakkin malaman da suka yi aikin. Littattafan sun fito da sunan Palmer a bango, amma wani ne ya hau doki ya je ya roƙi aron littafi, wani ya zauna ya kwafa, wani ya warware wa Razdan kalmar da ta cije. Da wuya a ga an ba su matsayin da ya dace da su a cikin abin da aka buga. Ofishin Fassara na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya ɗan mai da wani abu gida sa'ad da ya buga Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu cikin 1932 da 1933, inda Bahaushe ya sami Tarihin Kano da harshensa. Alhaji Abubakar Dokaji kuma ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari cikin 1958. Amma wannan ɗan kaɗan ne daga cikin abin da aka tara.

Takarda ba dutse ba ce. Damina a Jos tana da tsawo, sanyi da laima suna sa takarda ta yi funfuna, tawadar gargajiya wani lokaci takan ci takardar da aka rubuta ta a kai, ga gara, ga kyankyasai. Garin kansa ya ga tashin hankali cikin 2001 da 2008 da 2010, babbar kasuwarsa ta ƙone cikin 2002. Littattafan Cotton ma, bayan jikansa ya ba ƙasa su kyauta, gobara ta kama gidan da aka ajiye su cikin 1731, waɗansu suka ƙone ƙurmus, waɗansu suka babbake ta gefe. Abin da ya tsira shi aka kai gidan tarihin Birtaniya sa'ad da aka kafa shi cikin 1753, har yau ana karanta su, an kuma ɗauki hoton da yawa an sa a intanet. A can sai da wuta ta ci rabonta tukuna aka farga.

Gidan na Jos yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, kuma a gari ɗaya yake da Jami'ar Jos, mai sashen tarihi da masu koyar da Larabci. Ɗaukar hoton takarda a yau ba ya bukatar abin da ya wuce kyamara mai kyau da kwamfuta da mutum mai haƙuri. Idan aka ɗauki hoton takardun Palmer ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye kwafi a Gidan Arewa na Kaduna da Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero, to gobara ɗaya ba za ta iya gamawa da su ba. Bayan wannan sai a zaunar da masu sanin rubutun hannu, irin alarammomin Barno da na Kano waɗanda ke gane hannun marubuci da kallo ɗaya, su ware takardun hannu hannu. Inda marubuci ya sa sunansa a ƙarshen littafi, kamar yadda masu kwafa sukan yi, sai a rubuta sunan a cikin jerin, a bi sawu a gano garinsa da zuriyarsa, a kai musu kwafin abin da kakansu ya rubuta.